Gwajin ƙashi da gasar WAFU B: abin da ya faru da wani kulob ɗin yara a birnin Kano, 2022 zuwa 2024

Asalin lamarin

Kulob ɗin da ake magana a kansa na unguwa ne, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar Kano, kuma ba shi da filin kansa. Yaran suna atisaye a filin wata makarantar firamare bayan la'asar, ranakun Asabar da Lahadi kuwa da sassafe kafin rana ta buɗe. Mai horar da su tsohon ɗan wasan baya ne da ya taɓa buga wa ƙananan kulob-kulob, yanzu kuma tela ne, amma kowa Koci yake ce masa, har iyayen yaran. A farkon 2022 yana da yara 41 a hannunsa. Ni mai wannan rubutu ina koyarwa a makarantar da suke aron filinta, don haka aikin takardun kulob ɗin a wuyana ya rataya.

Babban burin Koci shi ne ya ga ko da yaro ɗaya daga cikin yaransa ya shiga tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wato Golden Eaglets, wadda ta ci kofin duniya sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Ba buri ne na mafarki ba a wurin Bakano, domin kyaftin ɗin tawagar da ta ɗauko kofin a 2013, Musa Muhammed, haifaffen Kano ne. Sai dai hanyar zuwa kofin duniya ta sauya. Tun daga gasar 2019, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta mayar da neman gurbi shiyya-shiyya. Najeriya tana shiyyar WAFU B tare da Nijar, Benin, Togo, Ghana, Burkina Faso da Kwaddibuwa. Ana tara ƙasashen a gari ɗaya a yi gasa ta kimanin mako biyu, kuma a 2022 da 2024 ƙasashe biyun da suka kai wasan ƙarshe ne kaɗai suka sami tikitin gasar Afirka, wadda daga ita ake tafiya kofin duniya.

Kafin yaro ya taka leda a wannan gasa sai an ɗauki hoton wuyan hannunsa na hagu da na'urar MRI. Abin da ake dubawa shi ne guringuntsin da ke ƙarshen ƙashin hannu, wanda yake ƙanƙancewa yayin da yaro ke girma har ya haɗe ya zama ƙashi. An kasa wannan haɗewa mataki shida, kuma wanda ya kai mataki na 6, wato ƙashin ya haɗe gaba ɗaya, ba ya bugawa ko da wace takarda ya zo da ita. FIFA ta fara amfani da gwajin a kofin duniya na 2009 da aka yi a Najeriya, wanda aka buga wasu wasanninsa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Gwajin ya sha kayar da manya: a 2016 'yan wasan Najeriya 26 suka faɗi gab da karawa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da masu riƙe da kofin duniya. A Janairun 2021 aka kori Togo daga gasar WAFU B alhali ita ce mai masaukin baƙi a Lome.

Akwai wani lissafi kuma da yawancin masu horar da yara a unguwanni ba sa yi. Gasar shiyya ana buga ta ne shekara guda kafin kofin duniyar da ake nema, kuma da shekarar kofin ake yanke iyaka. Gasar WAFU B ta Yunin 2022 share fage ce ta gasannin 2023, saboda haka sai wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2006 zuwa sama. Yaron da yake da shekara 17 cif a lokacin share fagen ya riga ya wuce.

Fabrairu zuwa Maris 2022: yara huɗu, sakamako huɗu

Watan Fabrairu lokaci ne da masu zaƙulo 'yan wasa ke cika Kano saboda Kofin Ramat, gasar yara da ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad. Ɗaya daga cikinsu, tsohon abokin wasan Koci, ya zo ya kalli atisayen kulob ɗin kwana uku a jere, ya ware yara huɗu: ɗan gaba ɗaya, 'yan tsakiya biyu da ɗan baya ɗaya. Ya ce zai gabatar da sunayensu ga masu tantance yara, amma da sharaɗi biyu, a yi musu MRI tun daga nan Kano, sannan kowane yaro ya mallaki fasfo. Ya ce ba zai kai yaro Abuja ya ji kunya ba.

Aka haɗa kuɗin gwajin da karo-karon iyaye da gudummawar wani ɗan kasuwa na unguwar. A mako na biyu na Maris aka kai yaran wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta. Kowane yaro ya kwanta rubda ciki ya miƙa hannun hagu gaba, bai fi minti goma sha biyar ba aka gama da shi. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: uku mataki na 6, ɗaya mataki na 4. A takardun da ke hannuna kuwa dukkansu an haife su ne tsakanin 2006 da 2007.

Wanda ya fi ɗaga wa Koci hankali shi ne ɗan gaban, yaro siriri mara gemu, wanda idan ka gan shi sai ka rantse bai kai sha shida ba. Na huɗun da ya tsallake, ɗan tsakiya ne, a ofishin fasfo ya maƙale. Takardar makarantarsa ta ce 2006, rajistarsa ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta ce 2004, domin ranar da aka yi masa ita bai san shekararsa ba, mai rubutu ya dube shi ya ƙiyasta. Ga kuma takardar rantsuwa ta kotu da wani kawunsa ya yi masa, ita ta ce 2007.

Maris zuwa Yuni 2022: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da aka yi shi ne zargin na'urar. Aka ce tsohuwa ce, aka ce mai karanta hoton bai ƙware ba. Aka sake tara kuɗi aka kai ɗan gaban wata cibiya dabam a Afrilu, cikin azumi. Sakamakon bai sauya ba.

Na biyu shi ne shawarwarin bakin fili. Wani ya ce yaro ya yini yana shan lemon tsami kafin gwaji, wani ya ce ya rage cin nama da madara na mako biyu, wani kuma ya ce a ɗaure wuyan hannun da tsumma mai ɗumi a kwana. Ɗaya daga cikin 'yan tsakiyar ya bi maganar rage abinci har ya yanke jiki ya faɗi a wurin atisaye. Ƙashin da ya riga ya haɗe ba ya komawa guringuntsi, kuma babu abin sha ko na ci da ke buɗe shi.

Na uku shi ne sababbin takardun rantsuwa. Iyaye biyu suka je kotu suka sake rantsuwa a kan shekarun 'ya'yansu, suna zaton sabon tambari zai rinjayi hoton ƙashi. Mai zaƙulo yaran ko karɓar takardun bai yi ba.

Na huɗu ya fi kowanne tsada. Wani dillali da ke yawo a filayen wasa da jaka a hammata ya ce ya san waɗanda za su "gyara" sakamakon, kuma yana da hanyar kai yaro gwaji a wani kulob a ƙasar waje. Mahaifin ɗan gaban ya sayar da babur ɗinsa ya ba shi naira dubu 250 kafin alƙalami. Ba wanda ya gaya masa cewa a gasar shiyya CAF ce ke sake yin nata gwajin a ƙasar da ake wasan, ko cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu keɓantattun halaye da ba su shafi wannan yaro ba. Bayan Ƙaramar Sallah layin dillalin ya daina shiga.

Gyaran shekarar haihuwa a rajistar NIN na ɗan tsakiyar nan kuwa ya buƙaci takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ba a taɓa yi masa ba. Kafin a kammala zirga-zirgar, an riga an rufe zaɓen 'yan wasa. A watan Yuni Najeriya, ƙarƙashin Nduka Ugbade, ta doke Burkina Faso da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe a Cape Coast ta ɗauki kofin shiyyar. Yaran kulob ɗin a waya suka bi sakamakon.

Agusta 2022: hira a zaure

Har zuwa wannan lokaci ba wanda ya tambayi uwar ɗan gaban komai. Wata ranar Juma'a da yamma na raka Koci gidansu. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, maigidan ya zauna tare da mu, ita kuma ta tsaya daga bakin ƙofar shiga cikin gida, mayafi a kanta.

Koci ya ce, "Inna, don Allah ki tuna mana, wace shekara kika haifi yaron nan?"

Ta ce, "Ni dai ban riƙe shekarar boko ba, Malam. Da azumi na haife shi, a goman tsakiya, don ranar suna ma sai bayan shan ruwa aka ci abinci."

Na tambaye ta ko ta tuna wani babban abu da ya faru yana jariri. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ranar da rana ta yi husufi, gari ya dushe da hantsi mutane suka fita salla, yaron yana tafiya da ƙafarsa, har ta bi shi ƙofar gida ta kamo shi. Ta ƙara da cewa a kwanakin ne masu ƙidaya suka zo suka shafa wa mutanen gidan tawada a yatsa, kuma tana shirin yaye shi.

An yi ƙidayar jama'a a Najeriya a ƙarshen Maris na 2006, husufin ranar kuma ya auku ranar 29 ga wannan wata. Azumin 2005 ya kama ne a Oktoba, wanda aka haifa a cikinsa wata biyar yake da shi ranar husufin, ko rarrafe bai fara ba. Yaron da ke gudu zuwa ƙofar gida ana shirin yaye shi, na azumin 2004 ne, wanda ya fara a tsakiyar Oktoba. Ke nan ranar da aka kwantar da shi a cikin na'urar yana da shekara 17 da wata huɗu da 'yan kwanaki. Daga baya ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar kwalla, a ƙarƙashin zannuwa ta zaro katin rigakafinsa, ya yi ja don tsufa, gefensa ɓera ya ci. An rubuta allurar farko a Nuwamban 2004.

Maigidan ya ce shi bai yi niyyar yaudarar kowa ba. An sa yaron a boko a makare bayan ya yi shekaru a makarantar allo, ranar da aka kai shi firamare aka rubuta masa shekarar 'yan ajinsa, daga nan kuma ta bi shi. Da ya fara ƙwallo aka ƙara zaftare shekara ɗaya, domin kowa haka yake yi, har suna gare ta, shekarun ƙwallo.

Satumba 2022 zuwa ƙarshen 2023: littafin rajista

Bayan wannan ziyara Koci ya sayi babban littafi mai bangon kwali, muka ware wa kowane yaro shafi biyu. Ka'idar da muka bi ita ce ba a karɓar shaida ɗaya, kuma takardar rantsuwa ba ta cikin lissafi. Muna neman katin awo ko na rigakafi, da rajistar shiga aji ɗaya a firamare, da ta Islamiyya, sannan maganar uwa ko kaka, wadda muke gwadawa da abubuwan da aka san ranarsu: azumi, Babbar Sallah, zaɓen 2007, rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010. Muna kuma tambayar tazarar da ke tsakanin yaro da wansa ko ƙanensa, domin sau da yawa ɗaya daga cikinsu yana da kati ko da shi ba shi da shi.

Aikin ya ci wata biyar, gida-gida, yawanci bayan isha'i. Tun a daren farko na lura da wani abu da ya kamata in gani tun tuni: cikin yara 41, guda 17 takardunsu sun ce ranar 1 ga Janairu aka haife su. Da aka gama, yara 12 ne kawai shekarar takardarsu ta dace da abin da muka gano. Guda 21 sun girmi takardunsu da shekara ɗaya zuwa uku. Biyu takardun ne suka girme su. Sauran shida ba mu sami abin da za mu tsayar da magana a kansa ba, sai muka rubuta musu tazara, misali 2006 zuwa 2007, muka bar ta haka.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Iyaye tara suka janye 'ya'yansu suka kai su wasu kulob-kulob da ba a tambaya. Wani uba ya ce wa Koci a gaban yara, "Kai tela ne ko alƙali?" Aka sake raba rukunan atisaye bisa shekarun gaskiya, nan take kulob ɗin ya fara shan kashi a gasannin unguwanni, domin 'yan sha huɗunsa na gaskiya suna karawa da masu sha bakwai. A wata gasa ta 'yan ƙasa da sha biyar an zura musu ƙwallo 11 a wasa uku. Ɗan kasuwar da ke taimakawa ya rage hannu na wani lokaci.

Sauyi na biyu shi ne na lissafi. Koci ya daina kallon wanda ya fi kowa iya wasa a yau, ya koma duba iyakar gasa mai zuwa. Share fagen 2024 na gasannin 2025 ne, wato sai haihuwar 1 ga Janairun 2008 zuwa sama, saboda haka ya mayar da hankali kan yaran da a lokacin suke da sha uku da sha huɗu, waɗanda a da su ne masu ɗauko ƙwallo idan ta faɗa bayan katanga. Duk wanda aka tabbatar da shekarunsa aka kai shi ofishin Hukumar Ƙidaya aka yi masa takardar haihuwa, sannan aka yi NIN da ita, aka gyara rajistar makaranta ta dace, tun ba a buƙatar fasfo.

2024: sakamako

A Fabrairun 2024 mai zaƙulo yaran nan ya dawo ya ware biyar. Gwajin ya nuna ɗaya a mataki na 2, biyu a mataki na 3, ɗaya a mataki na 4, ɗaya a mataki na 5. Babu wanda ya faɗi. Fasfo ɗin waɗanda aka nema wa ya fito ba tare da wata tambaya a kan shekaru ba.

Mai mataki na 5 ɗin shi ne ya fi kowa cikakkiyar shaida, domin a asibiti aka haife shi a Janairun 2008, ga kati ga komai. Duk da haka mai zaƙulowar ya ajiye shi, ya ce tsakanin Fabrairu da ranar gwajin CAF ƙashin yana iya ƙarasa haɗewa, kuma ba wanda zai yarda ya jefa tawaga cikin haɗari saboda yaro ɗaya. Yaron ya yi kwana uku bai zo fili ba.

Biyu daga cikin sauran suka je tantancewa a Abuja. Ɗaya ya dawo bayan kwana huɗu, ɗayan ya kai mako na uku kafin a sallame shi, an ce masa ƙarfin jiki da saurin yanke shawara ne suka rage masa. Ba ɗayansu da ya je Akra, inda aka yi gasar a watan Mayu. Najeriya, ƙarƙashin Manu Garba, ta sha kashi a hannun Kwaddibuwa a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Ghana ta zo ta uku, ta rasa gurbin gasar Afirka ta 2025 a Maroko. Wanda ya kai mako na uku daga baya wata makarantar horar da 'yan wasa ta ɗauke shi, kuma abin da suka fara nema shi ne takardunsa.

Ɗan gaban 2022 ya gyara takardunsa zuwa 2004. Yana buga wa wani ƙaramin kulob na manya, da rana kuma yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Babur ɗin mahaifinsa bai dawo ba.

Abin da lamarin ya nuna

Duk abin da aka gwada a 2022 an gina shi ne a kan zaton cewa matsalar tana wurin na'ura ko wurin rashin uwa a gindin murhu, alhali kulob ɗin ne bai san shekarun yaransa ba. Yawancin ƙaryar ma ba daga filin ƙwallo ta faro ba, daga ranar shiga aji ɗaya ta faro, a garin da ake haihuwa da yawa a gida kuma ake riƙe lokaci da azumi da Sallah, sai ƙwallo ta zo ta ƙara mata tsawo. Shi ya sa takardar rantsuwa ba ta yi amfani ba, tana maimaita abin da aka riga aka rubuta ne bisa kuskure. Littafin rajistar ya yi aiki domin ya koma ga shaidun da aka ajiye tun kafin kowa ya san yaron zai buga ƙwallo, lokacin da babu wanda ke da wata riba a rage masa shekara.

Rage shekaru ya cuci ɗan gaban ta wata fuska da ba a lura da ita ba sai daga baya. Ya yi shekara uku yana cin ƙwallaye a tsakanin ƙannensa, kowa na yaba masa, a daidai lokacin da ya kamata a ce yana gogayya da sa'o'insa yana koyon abin da ya rage masa.

Gwajin kansa ba ma'asumi ba ne. Yana auna balagar ƙashi ne, ba ranar haihuwa ba, kuma yara ba sa girma da sauri ɗaya. Mai gaskiya yana iya balaga da wuri a ajiye shi, kamar yadda aka yi wa ɗan Janairun 2008, shi kuwa wanda ya girme shi, idan ƙashinsa ya yi jinkiri, sai ya wuce. A ganina wannan yaro an zalunce shi, kuma littafinmu bai iya yi masa komai ba. Haka nan gyaran takardu bai sa kowa a tawagar ƙasa ba. Ya dai kai yara biyu inda aka auna su da ƙwallo kawai, aka kuma gaya musu abin da ya rage.

Daga 2025 FIFA ta mayar da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 na kowace shekara, da ƙasashe 48, a Katar har zuwa 2029, Afirka kuma tana da gurbi 10. Wannan ya sa iyakar shekarar haihuwa tana matsawa duk shekara, don haka Koci ya ƙara layi a saman kowane shafi, inda yake rubuta shekarar ƙarshe da yaron zai iya shiga share fage. Yanzu ba ya ɗaukar sabon yaro da ya haura sha biyu sai uwarsa ko kakarsa ta yi magana da mu, kuma littafin na biyu ya kusa cika.